Ƙwaryar da Aka Baro a Indiya

"Ina ƙwaryata?"

Abin da Hauwa'u ta fara tambayarsa ke nan, ko sannu da hanya ba ta gama yi masa ba. Suna ƙofar gidansu a Wurno, la'asar sakaliya, Abdulƙadiri ya zube mata tsarabar Indiya a kan tabarma, mayafi da warwaro da turare. Ko kallonsu ba ta yi ba.

"Kuluna..." ya ce yana murmushi, "ƙwaryakki na can. Na baro ta."

"Ka baro ta?"

"Tsaya in ba ki labari, daɗi za ki ji."

Namiji ke nan, ya taka ki kuma ya ce ki tsaya ki ji daɗi.

Shekarun da ake gina dam ɗin Goronyo ne, lokacin da kowa a ƙasar ke maganar kanal, wato hanyar kai ruwa gonaki, da noman rani kamar an zo da sabuwar duniya. Abdulƙadiri ƙaramin ma'aikacin ban ruwa ne, aka tura shi birnin Pune ya ƙaro ilimi. Hauwa'u kuwa gwanar zanen ƙwarya ce, gadon kakarta. Kafin ya tafi ta zaɓi duma mafi kyau, ta zauna da wuƙa da garwashi ta zana masa gulbin Rima da kwale-kwale da fadamar albasa, har yatsunta suka yi bororo. Ta ba shi ne don ya riƙa shan ruwa a ciki, duk lokacin da ya kafa baki ya tuna da ita.

"Akwai wani gidan fasaha can," ya ci gaba, idonsa na ƙyalli. "Kowace yamma sai na tahi. Kowa shi cire takalmi shi zauna ƙasa, Kulu, shehin malami kusa da maginin tukunya. Wanga shi rera waƙe, wancan shi buga kiɗi, sannan a yi ta gardama ana shan shayi har a gaji. Ran nan wata dattijuwa mai kula da gidan tag gan ni ina shan ruwa da ƙwaryakki. Tac ce wa az zana wanga abu? Sai ga ni gaban taro ina bayanin zanenki layi-layi. Sun yi miki tafi! Yanzu tana cikin akwatin gilas, da sunanki ƙasa nai."

"Wa ka shan ruwa da ita?"

"Ba a sha. Ko taɓawa ba a yi."

"To mi a amfaninta?" Muryarta ta karye. "Ni don bakinka niy yi ta, ba don idon mutane ba. Kyautata ka ba wata..."

Ta shige gida da kuka, ta bar shi da warwaronsa.

Kafin gari ya waye Kyauta ta ɗauki maganar. 'Yar ƙanin baban Hauwa'u ce, kuma ta daɗe tana ƙyasa Abdulƙadiri a ranta. A bakinta dattijuwar nan ta rikiɗe ta zama budurwa mai gashi har gadon baya, irin na silima, gidan fasaha kuma ya zama ɗakin gumaka. Da labarin ya kai kunnen Malam Lawwali, mahaifin Hauwa'u, sai ya aika a faɗa wa yaron kada ya sake taka masa ƙofar gida.

"Sunan ɗiyata a rubuce cikin garin da ko sallama ba a yi? A'a."

Hauwa'u ba ta yarda da zancen budurwar ba. Abin da ke cin ranta daban ne. Tana sonsa, so mai tsanani, amma tana tsoron mutumin da ya dawo mata ba shi ne wanda ya tafi ba.

Shi kuwa bai yi zuciya ba. Ya kafa wata rumfar zana a bakin kanal, ya shimfiɗa tabarmi, ya ce kowace Juma'a bayan la'asar duk mai abin faɗi ya zo, sharaɗi ɗaya, a cire takalmi. Da farko dariya aka yi masa. Sannu a hankali sai ga Malam Albert na makarantar firamare da rikodarsa, ga masaƙi, ga mai gurmi, ga wani tsoho daga Rimawa da ya haddace waƙoƙin masunta. Har gobe waɗanda suka zauna a rumfar nan in sun tuna sai su yi ajiyar zuciya. Ƙanshin albasa daga fadama, ruwa na gudu a kanal, mutane na musu ba wanda ke jin haushin wani.

Malam Lawwali ya je ne da niyyar tarwatsa taron. Abdulƙadiri ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, kai muka jira. Yaran ga ba su san yadda gulbi ka cika ba kahin a yi dam. Ka ba mu labari."

Tsohon da ya zo faɗa bai tashi ba sai da aka kira magariba. Ya dawo gida yana cewa ai yaron ba laifi, Indiya ce kawai ta ɗan taɓa shi.

Saura Hauwa'u.

Wata Juma'a ta biyo ta wurin da tulu a ka, wai hanya ce ta biyo da ita, alhali rijiyarsu na can gabas. Ta hango shi a gefen randa yana shan ruwa da tafin hannu, ga moɗa a rataye. Da ya ɗago ta ga yatsunsa duk ƙuna.

"Mi as sami hannunka?"

Ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama da tulun zuma. Daga cikin jaka ya zaro wata ƙwarya. Wai gulbin Rima ya zana, amma ya fi kama da tsutsar da aka taka.

"Na ga taki ba ta dawowa, shi ne nac ce in biya ki. Tun da nid dawo ban kai ƙwaryar kowa baki ba, Kulu. Na yi kuskure. Na ga suna girmama ki, daɗi ya kwashe ni, na mance ba tasu ba ce."

Ta so ta daure, dariya ta ƙwace mata, hawaye na biye.

"Wagga ko kaji ba su sha da ita."

"To ki tausaya min, sarauniyata."

"Ni yi maka wata. Amma ka ji da kyau, ranar da tas shiga gilas, ni kuma gidan babana."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Kyauta ce ta fi kowa guɗa, don kada a ce.

Sabuwar ƙwaryar ta sha aiki. Da ita ya sha furar safe, da ita ya buɗe baki kowane azumi, da ita aka ba 'ya'yansu ruwan rubutu. Ta tsage, gyartai ya ɗinke, ta sake tsagewa aka sake ɗinkewa. Gefen da yake kafa baki ya lashe har zanen gulbin ya shafe. Duk lokacin da ya tuna mata da ta Indiya, cewa take yi, "Allah sarki, marainiya, ba mai sha da ita."

Yau rumfar ta daɗe da faɗuwa, Malam Albert ya koma garinsu, ciyawa ta cinye bakin kanal. Abdulƙadiri ya rasu da damina, da ƙwaryar nan Hauwa'u ta ba shi ruwansa na ƙarshe.

Kwanan baya jikarta Asabe ta shigo a guje da ƙishirwa, ta miƙa hannu za ta buɗe kabad ɗin tangaran mai gilas, inda ƙwaryar take ajiye.

"Ke, bari," in ji Hauwa'u a hankali. "Ɗauki kofi."

"Inna, ƙwarya ce fa. Mi a amfaninta cikin gilas?"

Hauwa'u ta matso kusa da kabad ɗin. Ta daɗe tana kallon gefen nan da ya lashe. Sannan ta sa bakin mayafinta ta goge gilas ɗin.

"Malam, ka yahe min," ta ce, kamar Abdulƙadiri na gabanta. "Ashe mutanen Indiya sun san abin da suka yi."