Ƙwayoyin da Husseina Ta Ɓoye

"Ke Husseina, ina kika kai ƙwayoyin ɗana?"

Husseina ta ci gaba da matse zanin gadon da mijinta Harisu ya jiƙa da gumi. Ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya saukewa. Shekara huɗu ke nan Harisu mahauci yana fama da sarkoyidosis, ciwon da ke kumbura kaluluwa ya takure numfashi. Har ya lafa, sai ga kaluluwar wuya ta sake tasowa, ga rama, daidai lokacin da yajin aiki ya tsayar da Sokodé cak, sojoji a kowace mararraba.

"Inna, dokta ya ce in ta dawo kada ya sha sai an gwada. Masu wannan ciwo, wani lokaci kansar kaluluwa kan biyo baya, kuma kamarsu ɗaya. Ƙwayar ɓoye ta take yi."

"Dokta ya ce! Ana grev, kowa na yajin aiki, farmasi a kulle, ke ce kika zama lopital, asibitin gari? Kashe shi za ki yi ki ci gado!"

Gadon kuwa wuƙa biyu ne da faranti.

Harisu ya ɗago kai da ƙyar. "Ki ba ni, ko ki tafi gidanku."

Wannan ta fi yi mata ciwo. Ta hau bayan motar siminti zuwa garinsu Dapaong tana kuka, ƙwayoyin na ƙulle a bakin zaninta.

Wata uku ba aike. Babanta ya ce zai karɓo mata takardar saki.

"Baba, ku ƙara mini haƙuri."

Ashe rashin ƙwaya ya kai Harisu asibiti dole, aka ɗan yanki kaluluwar, wani direba ya ratsa shingayen sojoji ya kai abin da aka yanka Lomé don gwaji.

Wata ranar kasuwa sai ga Inna Indo ta yi sallama, ƙafafu a kumbure.

"'Yata, kansar ce, limfoma. Sun ce da ya sha ƙwayar nan, da gwajin ya ruɗe su har lokaci ya ƙure. Yana Lomé, ya ƙi cin abincin kowa. Ni na kore ki, ni na zo biko."

Husseina ba ta da ƙarfin murna, balle na gori. Ta miƙa wa surukarta ruwa, ta ɗauko mayafi.

Shekara guda ta yi tana jinya kafin Harisu ya koma mahauta da ƙafarsa. Har yau in an tambaye shi yakan ce, ba duk mai hana ka ne maƙiyinka ba; wadda ta yarda ka kore ta don ka rayu, ita ce mai sonka.