Wanda Ya Durƙusa a Layin Yara

Shekarar da sojoji suka koma bariki, Eunice tana koya wa yara a cocinsu na Kakuri yadda ake furta zunubi a gaban Fada, limamin cocin. Wata Asabar benci ya karye da yara uku a kai, aka turo mata kafinta. Alexander sunansa, dogo, tsohon soja. Aikin ƙusa huɗu ne kacal, amma ya kai la'asar yana ƙwanƙwasa.

"Malama, bencin nan sai na dawo na duba shi mako mai zuwa."

"Bencin za ka duba ko mai ajin?" Ta faɗa tana ɓoye murmushi.

Kafin damina ta wuce, ya gyara har bencin da lafiyarsa ƙalau, ita kuwa ta kamu da sonsa ba kaɗan ba.

Ranar da ta kai shi gida, mahaifinta Baba Sunday, wanda shi ne katakis, wato mai koyar da addini a cocin, ya dube shi sau ɗaya ya miƙe.

"Wannan ne ya sa ni tsallen kwaɗo a shingen sojoji na bakin gada, a gaban mahaifiyarki. Kada ya ƙara taka mini gida."

Eunice ta yi kuka har idonta ya kumbura. Bayan kwana tara wasiƙarsa ta iso:

"Malamata, Baba bai yi ƙarya ba, ni ne. Sau uku na zo, bai buɗe ƙofa ba. Ina sonki, amma ba zan aure ki yana fushi da ni ba."

A ajin nata, kafin yara su je wurin Fada, ana yi musu gwaji. Sai a rataya zani, Baba Sunday ya zauna a bayan zanin a matsayin Fada, yara su yi layi suna kawo laifin ƙirƙira. Ranar gwajin, Eunice ta ɗaga kai ta hango Alexander a ƙarshen layi, ya fi kowa tsawo. 

Da layi ya zo kansa, ya durƙusa a gaban zanin. "Baba, nawa ba na gwaji ba ne. Na wulaƙanta dattijo sa'an mahaifina don kawai ina riƙe da bindiga. Na yi nadama. Ka yafe mini."

 Yara talatin suka zuba wa zanin ido, Eunice na murza yatsunta.

Can sai Baba ya yaye zanin, idonsa jajir.

"Ni ba Fada ba ne. Gafarar Allah, ka je wurinsa ka nema. Tawa kuwa, na ba ka. Tashi, ɗana."

A watan Disamba aka ɗaura auren, coci ya cika maƙil. Baba Sunday da kansa ya riƙo hannun 'yarsa ya sa a na Alexander.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya," ya ce, sannan ya dubi ango. "In ka ɓata mata rai, kada ka bari rana ta faɗi ba ka roƙe ta ba."