Tiyon da Malam Cindo Ya Ɗaure

An ɗaura auren Jabiru Na'Allah da Munawwara Cindo ranar Juma'a, sha shida ga Agustan 2019, a wani ƙauyen masunta da ke bakin kogin Kwara kusa da Lolo. Wata biyar ke nan, amarya ba ta tare ba. Tana gidan mahaifinta, ango yana Bagudo, babur ɗin da tarewar ta rataya a kansa kuma yana jingine a bayan gareji, an lulluɓe shi da buhu.

Jabiru makaniki ne. Ya shekara goma yana gyaran ƙananan baburan 'yan kabu-kabu, waɗanda iska ke sanyaya injinsu, kafin ya sayo wani babban babur na tsere daga Kwatano, na hannu, mai lagireto kamar mota. Lagireton ya zo da faci uku, yana yoyo ta biyu daga ciki.

Ranar kasuwar Lolo babur ɗin ya tafasa masa a gaban wata rumfar busasshen kifi. Tururi ya tashi, mutane suka ja baya. Mai rumfar ba ta motsa ba.

"Malam, shayi kake dafawa?" ta tambaye shi, tana miƙo buta.

Ya ce ba a zuba ruwa sai injin ya huce. Hucewar ta ɗauki rabin awa. Kafin ta cika ya san sunanta Munawwara, ya kuma karɓi lambarta.

Saƙonta na farko ya same shi a hanya: "Mai shayi, ka isa ko ka tsaya dafa wani?"

Ya amsa: "Nawwarata, na tsaya sau biyu. Ban ji haushi ba ko sau ɗaya."

Da manyan Jabiru suka je neman aure, Malam Cindo bai soki halinsa ba. Matarsa Mariyamu ta shekara biyu kwance da shanyewar ɓarin jiki, kuma ba ta yarda kowa ya yi mata wanka sai Munawwara, 'yarta mace tilo. Ga kuma Audi, ɗan maƙwabcinsa, masunci, wanda in ya aure ta katanga ce kawai tsakaninta da uwarta. Jabiru ya aika cewa zai riƙa kawo ta kowane kwana biyu. A ƙaramin babur tafiyar kusan awa uku ce da damina, amma babban yana cinye ta a awa ɗaya da 'yan mintuna.

Tsohon ya ce babur da ke tafasa ba zai kawo masa ɗiyarsa ba ranar da ya kira. Sharaɗinsa shi ne a gyara shi, ya hau da kansa a kai shi Bagudo a dawo da shi kafin la'asar, sannan yarinya ta tare.

Jabiru ya tsallaka ƙasar Binin neman lagireto. Kwana goma sha biyu layinsa bai shiga ba, har aka fara cewa ya janye, mutanen Audi suka sake kawo gaisuwa. Munawwara ta ƙi fitowa. Da ya dawo ta yi kwana biyu ba ta amsa masa ba, sannan ta rubuto: "Ba fushi nake ba. Ƙirga kwanaki na yi, na gaji."

Kayan sun iso Lolo ranar Alhamis, jajibirin ɗaurin aure, don haka a ƙofar gidan Malam Cindo ya kwance babur ɗin. Lagireton ba na kamfanin da ya ƙera babur ɗin ba ne, na wani kamfani ne daban, ya fi na asali kauri, da tiyo biyu shuɗaye. Ramukan kusoshi sun dace. Tiyon sama ya shiga daram. Na ƙasa ne bakinsa ya ɗan fi wuyan lagireton faɗi, yadda ko an ɗaure kilif sai ya riƙa juyawa. Jabiru ya san maganin: wani guntun bututun ƙarfe mai rage baki da ya bari a garejinsa. Niyyarsa ya sa a ba motar safe ta kawo.

Sai Malam Cindo ya dawo daga kogi. Ya tsuguna, ya juya tiyon da yatsa, ya sa aka miƙo masa robar tsohon tiyub da kwaltar da yake toshe jirginsa da ita. Ban da gaisuwa, bai taɓa yi wa Jabiru magana kai tsaye ba sai ranar.

"Shekara arba'in ina hana ruwa shiga jirgi," ya ce. "Hana shi fita ba zai gagare ni ba, ɗana."

Ya naɗe wuyan da roba, ya shafe da kwalta, ya tura tiyon, ya ɗaure tamau. Aikin ya yi kyau. Sai dai ruwan kogi mai sanyi ne, na lagireto kuwa tafasasshe ne, kuma turowa yake da ƙarfi. Jabiru ya san haka. Dattawan unguwa na zaune a kan tabarma suna kallo. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Madalla, Baba." Tsohon ya sa aka shigar da babur ɗin zaurensa, inda ba a ajiye kayan baƙo.

Da yamma Munawwara ta rubuto: "Ka ji abin da ya kira ka? Ya karɓe ka, mai shayina."

"Ba zai riƙe ba, Nawwara."

"To ka kwance."

"A zaurensa? Aikin hannunsa?"



Aka ɗaura aure bayan Juma'a. Bututun ya iso, ya kwana a aljihun ango. Asabar da hantsi Malam Cindo ya fito da babur ɗin da kansa, ya duba ɗaurinsa, ya hau baya.

Sun wuce Illo da kamar minti ashirin, suna tsakiyar wani wuri da ruwa ya cinye hanya, kwaltar ta narke, tiyon ya zame. Tafasasshen ruwa ya zubo wa Jabiru a ƙafar hagu. Bai tsaya ba, don tsayawa a nan na nufin kayar da tsoho cikin taɓo. Ya ja su har tudu, injin na aiki babu ruwa. Minti uku ne, amma sun isa su lanƙwasa kan injin.

Robar ta riga ta faɗi cikin ruwa, babu abin gani. Malam Cindo ya zaunar da Jabiru a gindin wata bishiya, ya kwance rawaninsa ya jiƙa, ya rufa masa a ƙafar.

"Mi ya ɓaci?"

Jabiru ya daɗe yana kallon rawanin.

"Injin ne, Baba. Ya tsufa."

"Na faɗi tun farko," tsohon ya ce, ba da faɗa ba. Ya sa masa albarka shi da matarsa, ya roƙa musu zuri'a ta gari, ya ce yanzu ba shi da ɗan da ya fi shi. Amma magana tana nan yadda aka yi ta a gaban mutane.

Ranar Litinin Jabiru ya sa wani mai kayan gyara a Paraku ta ƙasar Binin ya nemo masa kan inji. Ranar Talata gwamnati ta rufe iyaka.

Yanzu kowace Juma'a yana zuwa a ƙaramin babur, ya zauna a zaure, matarsa ta kawo masa abinci. Sau biyu ta ce ya faɗa wa Baba gaskiya, wataƙila in ya san laifin na hannunsa ne ya sassauta. Jabiru ya ce shi ba zai iya ba. Ita ma ba ta iya ba.

Saƙonta na makon jiya gajere ne: "Inna ta tambaya yaushe. Na ce sai an buɗe."

Kan injin yana shagon Paraku, an rubuta sunan Jabiru a kwalinsa. Ba a sanar da ranar buɗe iyaka ba.