Ba a Ɗora wa Ɗan'uwa Sikeli

Gatari ya harbe ƙanensa Auta a kan zinaren da ba zinare ba. Uwa ɗaya, uba ɗaya. Ga yadda abin ya faru.

Akwai wani tsoho da ake kira Mai Zinare. Ba sayarwa yake yi ba, tarawa yake. Wasu na tara gidaje, wasu motoci, shi kuwa tun yana saurayi duk ribar da ya ci a kasuwa sai ya mayar da ita sandar zinare. Ƙanensa maƙerin zinare ne. Shi ke saye, shi ke narkarwa, shi ke buga hatimi, ya kawo a naɗe cikin ƙyalle. Tsohon yana da sikeli, da dutsen gwaji, da ruwan gwaji. In baƙo ya kawo masa ko zobe ne, sai ya sha awo. Amma abin da Maƙeri ya kawo, daga ƙyalle sai akwatin ƙarfe. Yakan ce, "Ba a ɗora wa ɗan'uwa sikeli."

Wata rana suna shan shayi a falo, tsohon ya ce, "Tsufa ya zo, ƙanena. Zan raba wa yara tun ina da rai. Na kira masu gwaji, mako mai zuwa za su zo su auna kowace sanda."

Kofin Maƙeri ya ƙwanƙwasa faranti. "Gwaji kuma, Yaya?"

"Ba don kai ba. Don kada wani yaro ya ce na wani ya fi nasa nauyi."

Maƙeri bai ƙarasa shayin ba.

Washegari da hantsi wayar Gatari ta yi ƙara. Yana zaune a wani tsohon garejin da shi da abokan fashinsa suka mayar wurin haɗuwa, cikin matattun motoci da warin baƙin mai. Yaronsa Zomo na gefe yana goge ƙarfe, wato bindiga. Auta na gyaran sarƙar babur.

"Wa ke magana?"

"Mai son ku da arziki. Gidan Mai Zinare. Ɗakin sama, bayan kabad. Makullin na rataye a wuyansa. Ba na son kaso. Abu ɗaya, kada ku taɓa lafiyarsa."

Aka kashe.

Zomo ya ɗaga kai. "Oga, mutum ya nuna maka taska, ya ce ba ya son kaso? Waliyyi ne?"

"Ina ruwanka?"

"Ni dai harkar ba ta kwanta mini ba."

Gatari ya yi dariya. "Banza ba ta kai zomo kasuwa, ko? To yau banza ce ta zo har gida. Tashi!" Ya juya ga ƙanensa. "Kai, Auta. Jaka a hannunka za ta fita. Mu mota, kai babur. Ka bi ta lungu, mu haɗu a nan. Dokata ka san ta."

"Na sani, Yaya. Ranar aiki ba a zuwa gida."

"Ko gidan na cin wuta."

Uwarsu, Inna, ta san Auta ɗan acaba ne, ta san Gatari makanike ne. Idonta ya yi rauni, kuma kullum da rana Auta ke biyawa ya ɗiga mata magani. Gatari ya rantse ko inuwar aikin nan ba za ta shiga ɗakinta ba.

Da rana tsaka suka je, cikin rigunan masu gyaran wuta, tsani a kan mota.

"Mun zo duba mita!"

Maigadi ya buɗe ƙofa rabi. Zomo ya sa ƙafa, ya sauke masa gindin bindiga a ido. Gam! Ya zube.

"Kowa ya kwanta! Kwanta!"

'Yar tsohon ta saki faranti, ta yi ihu ɗaya, ta ga bakin ƙarfe, ta haɗiye na biyu. Gatari ya haye bene da gudu. Tsohon na tsaye a ƙofar ɗakinsa, da sanda a hannu.

"Baba, durƙusa!"

"Ban durƙusa wa ubanka ba."

"Ka ga wannan?"

"Na gani. Harba."

Gatari bai harba ba. Ya sa hannu a wuyan rigar tsohon, ya fizge zaren makulli. Zomo ya ture kabad. Gatari ya sa makulli, akwati ya buɗe. Suka tsaya suna kallo, don ko ɓarawo in ya ga irin wannan haske sai ya manta da numfashi.

"Kwashe! Kwashe!"

Tsohon bai motsa ba. Da suka zo wucewa ya ce, "Yaro, ƙuruciyata ce a jakar nan."

"Mun karɓa, Baba. Za mu riƙe maka amana!"

Suka cilla wa Auta jaka. Babur ya yi hagu, mota ta yi dama.

Kafin 'yan sanda su iso, Maƙeri ya riga su. Kukansa ya fi na kowa. Sufeto, wani dogo mara yawan magana, ya zagaya gidan, ya dawo.

"Baba, sun wuce falo, sun wuce ɗakin mata, ba su taɓa ko waya ba. Kai tsaye sama suka yi. Wa ya san wurin?"

"Ni."

"Sai wa?"

"Sai ɗan'uwana. Shi kuwa ni ne. Tambayi wani abu."

Sufeto ya dubi Maƙeri. Maƙeri ya rufe fuska da hula.

A gareji, Gatari da Zomo sun iso. Dillalin da ke karɓar kayansu, wanda ake kira Mai Sikeli, ya zo da ƙaramar jakarsa, ya shimfiɗa kayan aikinsa a kan bonet ɗin wata mota. Babu Auta.

Inuwa ta fara karkata. Babu Auta.

Zomo ya ce, "Oga, babur ya fi mota sauri a lungu."

"Rufe mini baki."

"Ni dai na ce..."

"Na ce rufe!"

Can sai ga ƙarar babur. Auta ya shigo yana haki, ya dire jaka.

"Ina ka tsaya?"

"Faci na yi, Yaya."

Zomo ya tsuguna, ya shafa tayar gaba, ya shafa ta baya. Ya dai kalli Gatari.

Mai Sikeli ya ɗauki sanda ɗaya. Ya jinjina ta a tafin hannu. Ya ɗora a sikeli. Ya ɓata fuska. Ya goga a dutse, ya ɗiga ruwa, zanen ya tsaya daram.

"Ka gani!" in ji Gatari. "Na gaske ne!"

"Fatar ta gaske ce. Nauyin ne bai kai ba. Miƙo mini zarto."

Ya yanka. Ƙiii, ƙiii. Garin da ya fara zubowa rawaya ne. Na bayansa toka-toka. Sanda ta rabu biyu. Ciki darma ce, an yi mata riga da zinare.

Ya yanka ta biyu. Darma. Ta uku. Darma.

Mai Sikeli ya fara tattara kayansa. "Ku ba masu kamun kifi, su ɗaura a raga. Ni na tafi."

"Tsohon nan duk gari an san shi da sanin zinare," in ji Zomo a hankali. "Ba zai tara darma ba. Kaya sun fito daga akwati da hannunmu. Hannu ɗaya ne ya tafi da su shi kaɗai. Kuma taya ba ta ga faci ba."

Auta ya ja da baya. "Yaya, wallahi..."

"Ina ka je?"

"Na ce maka..."

"Ƙarya! Wa ya ba ka waɗannan? Mai wayar nan? Da shi kuka haɗa baki?"

"Yaya, ni? Ni?"

"Ni na goya ka! Ni na saya maka babur! Ina zinarena?"

"Ka tsaya in..."

Auta ya sa hannu a aljihu. Zomo ya yi ihu, "Oga, ƙarfe!"

Tau!

Auta ya zauna a ƙasa kamar wanda ya gaji. Hannunsa ya fito daga aljihu. 'Yar kwalbar maganin ido ce, babu komai a ciki.

"Gida na biya," ya ce. "Maganin Inna... ya ƙare... a sayo..."

Bai ƙara magana ba.

Zomo ya tsallake katanga. A bakin titi ya faɗa hannun 'yan sintiri da ƙarar harbi ta jawo. Ko mari bai sha ba ya nuna garejin da yatsa, ya ce shi direba ne kawai. Da suka shiga, Gatari na zaune, kan Auta a cinyarsa. Bai gudu ba, bai ɗaga bindiga ba. Abin da yake ta maimaitawa shi ne, "Ya canja su. Dole ya canja su. A gida ya ɓoye." Don in ba haka ba, me ya yi?

Washegari da safe aka kira Mai Zinare ofishin 'yan sanda. Ya zo da babbar riga, Maƙeri na biye da shi. An baje yankakkun sanduna a kan tebur. Gatari na durƙushe a kusurwa da ankwa. Mai Sikeli ma an kamo shi, yana zaune a benci da jakarsa.

Sufeto ya ce, "Baba, kayanka ne?"

Tsohon ya duba. Ya tofar da yawu a gefe. "Wannan shara? Hatimin dai namu ne, an kwaikwaya. Nawa sun ɓoye. Ku matsa su."

"An bincike ɗakin uwarsu. Babu komai."

"To ku tone ƙasa. Ni za a ce na tara darma? Ni?" Ya sa hannu cikin aljihun ciki, ya fito da wani tsohon ƙyalle. "Wannan ba su same ta ba, ƙarƙashin matashina take kwana. Ita ce ta fari da ɗan'uwana ya zuba mini, shekarar da aka haifi babbar 'yata. Ku yanka ta, ku ga abin da ake kira zinare."

Maƙeri ya riƙe masa hannun riga. "Yaya, ba sai an ɓata ta ba."

"Sake ni."

"Ta tarihi ce, Yaya. Don Allah."

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sunana ake ja a ƙasa. Kai, mai zarto, yanka!"

Mai Sikeli ya dubi Sufeto. Sufeto ya gyaɗa kai.

Ƙiii. Ƙiii.

Rawaya. Sannan toka-toka.

Tsohon ya ɗauki rabi ɗaya, ya kai kusa da ido, ya sa farce ya karce cikin. Darma ta yi laushi a ƙarƙashin farcensa. Ya ajiye a hankali, kamar ƙwai. Hularsa ta karkace, bai gyara ba. Bai juya ya kalli kowa ba. Maƙeri na bayansa, gumi na ɗiga daga haɓarsa zuwa takalmi.

Daga kusurwa sai aka ji wani sauti, ba kuka ba, ba tari ba. Gatari ne.

"Wannan... Auta bai taɓa wannan ba."

"Bai taɓa ba," in ji Sufeto.

"Tun a akwati haka suke?"

"Tun a akwati."

Gatari ya kifa goshi a siminti. Ya buga sau ɗaya. Ya sake bugawa. Ɗan sanda ya riƙe shi.

Ga abin da aka samu a wannan aiki. Maigadi ya rasa ido. Auta na ɗakin gawa, da takarda a yatsan ƙafa. Wata tsohuwa na zaune a bakin gado tana jiran a zo a ɗiga mata magani, ba wanda ya iya zuwa ya faɗa mata gaskiya. Zomo ya sayar da kowa, bai tsira ba. Yaran Mai Zinare za su gaji darma. Shi kuwa tsohon, mutumin da 'yan kasuwa ke kawo wa sarƙoƙin matansu ya duba musu, ya kwana shekaru da darma a ƙarƙashin kansa yana yi mata addu'a.

Sufeto ya jawo kujera, ya zauna kusa da shi. Ya sassauta murya.

"Baba, tambaya biyu gare ni, ina jin amsarsu ɗaya ce. Wa ya sayar maka da waɗannan? Kuma wa ya san za a zo gwaji mako mai zuwa?"

Tsohon ya ci gaba da kallon yankakkiyar sandarsa.

"Faɗa kawai, sauran aikin namu ne. Ba tare da bakinka ba, ba ni da abin riƙewa."

Gatari ya rarrafo da gwiwa, ankwa na ƙara, jini na gangarowa daga goshinsa. "Baba, na ci mutuncinka a gidanka, na sani. Ka tsine mini. Amma ka faɗa. Ƙanena na kashe a kan aikin mutumin nan. Ka bari in ji sunansa kafin a rataye ni."

Sai a lokacin tsohon ya dube shi. Ya daɗe yana dubansa. Sannan ya tattara rabi biyun nan, ya naɗe su cikin tsohon ƙyalle, ya mayar aljihu. Ya dafa sanda ya miƙe. Maƙeri ya kawo hannu zai tallafe shi, ya kauce, ko rigarsa bai bari ya taɓa ba.

"Baba," in ji Sufeto, "suna kawai."

"Uwa ɗaya ta haife mu da wanda kake nema," in ji tsohon. "Ba daga bakina ba. Ba zan faɗa ba."