Madarar Farin Dutse

Shekarar da amai da gudawa ta shigo ƙasar Kano, bayan gama yaƙin basasa, Sufeto Iliyasu ne ke riƙe da caji ofis na Birnin Kudu. Mutuwa ta yi yawa a lokacin, har mutane suka daina kawo wa 'yan sanda labarinta. Shi ya sa ya yi mamaki ran wata Laraba da safe, da wata mata cikin farar rigar asibiti ta shigo ofishinsa tana haki.

"Sunana Hadijatu, ni ke kula da ɗakin shan magani na Gwaram. Yallaɓai, wata yarinya ta rasu a hannuna jiya, Jummai, 'yar shekara bakwai."

"Allah Ya jiƙanta. Cutar nan ce?"

"Da ita ce da ban zo ba. Mai cutar nan ruwa ke zuba daga jikinsa har idonsa ya faɗa. Wannan kuwa jiri ta yi ta kuka da shi, da ciwon kai, tana numfashi sama-sama. Akwai wasu yaran kwance, duk alamarsu ɗaya, duk daga wajen Farin Dutse. Iyaye na kawo su rumfar da muka killace masu cutar. In ba su zo da ita ba, a can za su ɗauka."

"Me ya haɗa su?"

"Madarar makaranta."

Sufeto ya san zancen. Da, doka ce yaro ya ci abincin makaranta a gaban malami, ko loma ba ta fita ƙofa. Da annoba ta sa aka rufe makarantu, hukuma ta sassauta don kada yara su zauna da yunwa. Aka koma raba garin madara da alkama busassu duk Alhamis, uwa ko maƙwabci ya karɓa, ƙauyuka masu nisa kuma a ba amintacce ya kai. Har dangwala yatsa a takardar karɓa aka daina, don gudun taɓa juna.

Sai Sufeto ya tuna gobe ce Alhamis. Ya ƙwala wa Kofur Ɗanbala kira, wani dattijon ɗan sanda da ya san hanyoyin yankin, ya ce ya tada Landiroba.

Da azahar suka isa rugar su yarinyar. Ubanta, Bappa, yana zaune kan buzu a gindin tsamiya shi kaɗai. Tsoron cuta ya hana kowa zuwa gaisuwa. Sufeto ya tsuguna ya yi masa ta'aziyya, sannan ya nemi a kawo masa ragowar madarar.

Aka kawo a ƙwarya. Fara ce tas. Ya sa aka dama kaɗan aka ɗora a wuta. Maimakon ta tafaso ta yi kumfa, sai ta yi kauri tana yauƙi kamar talge. Ya dangwali busasshen garin ya ɗora a harshe, ya tofar nan take. Ɗacin ya san shi tun yana yaro a gonar ubansa.

"Rogo ne," ya ce wa Kofur a hankali. "Mai ɗacin nan, wanda ba a jiƙa ba."

Ya juya ga Bappa. "Wa ke kawo muku?"

"Malam Haladu, ƙanin mai unguwa. Shi ya ɗauki nauyin abin saboda Allah, da amalankensa. Duk Juma'a bayan masallaci yake rabawa."

"Buhun da aka zubo wannan fa?"

Bappa ya sa aka ɗauko, don shi aka bar wa ya yi shimfiɗa. Sufeto ya juya shi. Gindin buhun ɗinkin keke ne da farin zare. A bakinsa kuwa akwai guntayen igiyar rama da manyan hujin basilla.

Kafin su tashi ya sa Kofur ya nemo mai shela, a bi ruga-ruga a ce kada kowa ya ƙara ba yaro madarar nan. Yana jin muryar mutumin tana nisa, yana tunanin gidajen da suka rufe ƙofa don tsoro, da yawan tukwanen da wataƙila suna kan murhu a daidai wannan lokaci.

Siton abincin yana cikin wata makarantar firamare a gefen Gwaram. Hedimasta, Malam Badaru, ya tarye su yana gyara hula.

"Ranka ya daɗe, ni da kaina nake tsayawa a kan kowane rabo. Ba buhun da ya fita ban gani ba."

"Alhamis ɗin da ta wuce kana nan?"

"Ina nan."

"Buɗe mana siton."

Malam Badaru ya lalube aljihun dama, ya lalube na hagu. Gumi ya karyo masa.

"Mabuɗin fa, Malam?"

"Yana... yana wajen Batulu, mai dafa wa yara abinci."

"Kai da ke tsayawa da kanka?"

Hedimasta ya sunkuyar da kai. Ya ce gaskiya tun da cutar ta kashe maƙwabcinsa ya kwashe iyalinsa zuwa ƙauyen Wurno da ke nan kusa, yau ma albarkacin an aika masa cewa motar 'yan sanda ta wuce ne ya dawo.

Aka kira Batulu, wata dattijuwa mai kaurin jiki, ta zo ta buɗe. Sufeto ya bi buhunan ɗaya bayan ɗaya. Duk ɗinkin keke ne sama da ƙasa, in ban da guda a lungu da aka farke aka ɗaure da tsumma.

"Wa ya buɗe wancan?"

"Ɓera ne, Yallaɓai."

"Ɓera ya iya ƙulli, Inna?"

Ta fashe da kuka. "Jikokina ne a gida, marayu. Tun da aka rufe makaranta ba abin da nake samu. Ɗan kofi nake ɗiba musu."

"Suna sha kullum?"

"Kullum."

"Lafiyarsu ƙalau?"

"Ƙalau, ga su can suna wasa."

Sufeto ya ɗanɗana garin buhun. Madara ce zalla. Ke nan daga sito lafiya take fita.

"Yaushe Haladu ke ɗaukar na Farin Dutse?"

"Alhamis da sassafe. Shi ne ma na farko."

Sufeto ya dubi Kofur. "Amalanke daga nan zuwa can?"

"Kafin la'asar ya isa, ko da shanun guragu ne."

"To a ina buhunan ke kwana?"

Gonar Haladu tana bakin hanya, tsakanin garuruwan biyu. Rana ta yi sanyi lokacin da suka tsaya. Suka same shi yana shafa wa ƙafar amalanke mai, mutum mai fara'a da furfura a gemu. Ya shimfiɗa musu tabarma, ya ce labarin yarinyar ya hana shi cin abinci.

"Me ya sa ba ka kai kayan ran Alhamis?"

"Shanu na gajiya, Yallaɓai. Kuma ran Juma'a jama'a ta fi taruwa."

"An hana taro, Malam Haladu. Dalilin da ya sa aka ba ka kayan ke nan."

Haladu ya yi 'yar dariya.

Sufeto ya miƙe ya zagaya bayan rumbu. Tulin ɓawon rogo ne a wurin, ƙudaje na bi. Kusa da shi ga turmi da taɓarya, cikinsa fari fat, ga rariya jingine.

"Na awaki ne," in ji Haladu daga bayansa.

"Awakin da ka ɗaure can nesa don kada su kusance shi? Kofur, hau rumbun nan."

Kofur Ɗanbala ya hau ya ɗaga murfin. Ya daɗe yana leƙe, sannan ya fara miƙo kaya: gwangwanayen kananzir wankakku cike da garin madara, da ƙunshin igiyar rama, basilla soke a jiki.

Sufeto ya ɗebo garin cikin turmin a tafin hannu, ya miƙa wa Haladu.

"In na awaki ne, ba zai yi maka komai ba. Lasa."

Haladu ya ja da baya har ya bugi rumbu. Ya sulale ƙasa.

"Wallahi ban yi nufin kisa ba."

"Faɗa mini abin da ka yi nufi."

"Masu shayi na tasha ne suka dame ni. Hanya ta rufe, madara ta yi wuya. Na ga ba mai dubawa, ba mai sa hannu. Sai in raba buhu gida biyu, in sayar musu da rabi, in cike da garin rogo. Karon farko na jiƙa shi sosai na shanya, ba wanda ya yi ko tari."

"Wannan karon fa?"

"An hana zuwa rafi saboda cutar, rijiya kuma an sa mata mai gadi. Ban samu ruwan jiƙo ba. Na fere shi na shanya haka nan na daka." Ya rufe fuska da hannu. "Na ce ai za a dafa. Da na ji yara na amai, sai na ce kowa zai ɗauka cutar ce."

"Ka ji suna amai, kana kuma shafa wa amalanke mai don gobe?"

Kofur ya sa masa ankwa.

Suka biya ta Farin Dutse don su sanar da mai unguwa. Hadijatu ta riga su isa, tana bi gida-gida tana karɓe madarar. Ta ce ta fitar da yaran daga rumfar masu cuta ta mai da su wani ajin makaranta, biyu sun fara shan ruwa, ɗaya har yanzu bai buɗe ido ba. Malam Badaru, da ya biyo ta a keke, yana ta faɗin cewa sassaucin nan ne ya jawo, gara a dakatar da rabo har a buɗe makaranta.

Bappa ya ratso mutane ya nufo motar. Kofur ya gyara tsayuwa, don mutumin da sandarsa a kafaɗa. Bappa ya tsaya ya dubi Haladu ta taga, ya daɗe yana dubansa. Haladu ya kasa ɗago kai. Sannan Bappa ya juya ga Sufeto.

"Yallaɓai, gobe za a raba?"

Sufeto ya matso kusa da shi.

"Ina da sauran biyu a gida," in ji Bappa. "Kasuwa a rufe, nono ba mai saye."

Sufeto ya dubi hedimasta, hedimasta ya kau da kai.

"Za a raba, Baba. Da motar nan zan kawo. A gabanka za a farke ɗinkin, ni zan fara sha."

Bappa ya gyaɗa kai, ya koma ta hanyar ruga. Kofur ya tada mota, suka ɗauki hanyar Birnin Kudu da Haladu a baya, ankwarsa na bugun ƙarfen kujera duk inda suka faɗa rami.