Falmaran Ɗin Gaz

A kasuwar tsofaffin faya-fayai ta Dudley Kieran ya fara ganin Bethan, wata Asabar da hadari ya haɗo tun safe ya ƙi zuba. Hannunsa da nata suka sauka kan faifai ɗaya, na Furnace Crows, mawaƙan rok da suka watse tun iyayensu suna samari.

"Saki," ta ce. "Kai ko jita ba ka taɓa riƙewa ba."

"Wa ya faɗa miki?"

"Yatsunka. Kamar na jariri."

Ya sakar mata faifan, suka yi musayar lambar waya. Sai dai da ta dubi falmaran ɗin jins da ke jikinsa, mai cike da tamburan mawaƙa, murmushinta ya ɗan ragu. A gwanjo ya saye ta, tana warin tsohuwar taba.

Da yamma saƙonta ya shigo: "Ɗan Gwanjo, ga waƙa ta uku na turo maka, ka saurara. In jitar nan ba ta tayar maka da tsikar jiki ba, goge lambata."

Ya amsa: "Sau tara na ji ta, Tauraruwata. Tana kuka kamar ta san abin da zai zo."

Wata shida suna tare kafin ta kai shi gida cin naman Lahadi. Babanta, Des Hingley, tsohon ma'aikacin narka ƙarfe ne, kunnensa ɗaya ya mutu a gindin lasifika. Yana buɗe ƙofa ya daskare.

"Juya," ya ce.

Kieran ya juya baya. Des ya taɓa wani tambari da aka ɗinke da jan zare.

"Ta Gaz ce, abokina. Shekara uku ke nan da muka binne shi. Sanye da ita."

Ba wanda ya ci naman.

Wayne mai ganga, wanda ya daɗe yana son Bethan, shi ya ƙarasa ɓarnar. Ya raɗa wa Des cewa Kieran, cikin ayyukan da ya yi ta kamawa yana saki, ya taɓa ɗaukar akwatin gawa a gidan shirya jana'iza. Kuma gaskiya ne.

"Mai tuɓe mamaci ba zai auri 'yata ba," in ji Des.

Kwana huɗu wayar Kieran shiru. A na biyar saƙon Bethan ya shigo: "Ka rantse mini."

"Na rantse, Tauraruwata. A rataye na same ta."

Bethan ta tafi wurin Maureen, matar marigayin. Tsohuwar ta daɗe tana juya cokali a shayi.

"Ni na cire ta kafin a rufe akwatin," ta ce. "Ƙamshinsa nake so. Da ya fara hana ni barci, na kai ta gwanjo. Kunya ta hana ni faɗa wa babanki."

Des ya ji, amma bai sauko ba.

"To, ba ɓarawo ba ne, Baba!" in ji Bethan.

"Maƙaryaci ne. Kowane tambari shaidar wasan kiɗa ne da mutum ya je da ƙafarsa, ya dawo ya ɗinka da hannunsa. Wancan na jan zaren, ni na goyo Gaz daga filin, haƙarƙarinsa biyu a karye. Yaron nan yana yawo da rayuwar wani."

Lahadi ta zagayo, hadarin ya sake haɗowa. Kieran ya buga ƙofa, falmaran ɗin Gaz a naɗe a hannunsa. A jikinsa wata sabuwa ce, ba ko tambari ɗaya.

"Mista Hingley, ban san dokar ba. Ga taku. Wannan ita ce tawa, ba komai a kanta, don ban je ko'ina ba tukuna."

Des ya karɓa, ya kai ta hanci, ya juya masa baya. Can ya ce, "Ka wanke ta?"

"A'a."

"Da ka wanke, da yanzu kana asibiti. Shigo, nama na hucewa."

A watan Mayu aka ɗaura auren. Maureen ta zo da falmaran ɗin, ta rataye ta a kujerar da aka bari ba kowa. Tsofaffin abokan Des suka hau dandamali da jita, Wayne ya buga ganga fuska a murtuke.

Bayan wasan Des ya miƙa wa ango ƙyalle mai kwanan watan ranar, da allura da jan zare. Bethan ta miƙa hannu.

"A'a, 'yata. Shi zai ɗinka."

Kieran ya soke yatsa sau uku, jini ya ɗiga a jins ɗin.

"Bar shi," in ji Des. "Allah ya ba ku tsawon ran cika ta da tambura. Kuma idan tawa mutuwar ta zo, yaro, kai za ka tsaya a kai har a rufe akwatin da falmaran ɗina a jikina."