Gaisuwar Tsohon Maigadi

Lusajo ya zo Zanzibar daga Mbeya yawon buɗe ido. Yana mashayar saman bene, yana kallon fitilun jiragen ruwa, sai wata budurwa mai ƙamshin kanumfari ta kama hannunsa.

"Taso ka ga inda garin ya fi kyau."

Suka yi ta ratsa lunguna har kiɗa ya ɓace. Ya fizga, ya yi magiya, ta ƙi saki, ga sanyin hannunta har cikin ƙashi.

Can ya hangi wani maigadi tsoho tukuf.

"Baba, don Allah cece ni!"

Tsohon ko kallonsa bai yi ba. Ya durƙusa gabanta, ya yi mata gaisuwar da yaro ke yi wa babba: "Shikamo."

"Marahaba," ta amsa. "Jikan Mwanaisha, har ka yi furfura?"